Marainiyar da na hana wa maiƙo

A gidanmu ba a rama. Wannan maganar na taso ina ji daga bakin mahaifiyata, Hajiya, kuma ba da wasa take faɗinta ba. Gidanmu yana cikin wani lungu kusa da Ƙofar Mazugal, kuma tun zamanin kakar kakata sana'ar matan gidan ɗaya ce, alkaki da dubulan da nakiya na garar amare. Kakanninmu na wajen uwa fatake ne da suka keto sahara suka zauna, suka bar mana hasken fata kaɗan da son hulba mai yawa. Kullum akwai kasko a kan wuta, ko zani aka shanya a igiya sai ya kwashi ƙamshin man gyaɗa. In mu matan gidan muka zauna a kan tabarma ɗaya, tabarmar ta san an zauna mata.

A cikin wannan gidan Allah ya jefo yarinyar da ba ta da ko ɗigon kitse a jikinta.

'Yar ƙanwata ce. Uwarta ta rasu ta bar ta tana da shekara huɗu. Ni kuma a lokacin aurena ya mutu, na dawo gaban Hajiya, ina koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar 'yan mata, Allah bai ba ni haihuwa ba. Uban yarinyar ɗan kasuwa ne, rabin shekara yana Ikko, sai danginsa suka ce mu riƙe ta. Kowa ya ce ai ta faɗa gidan daɗi, wata uku ma ya ishe ta ta yi kumatu.

Shekara bakwai muka yi muna jiran kumatun. Fuskarta kamar ta tsohuwa, kunci a lotse, jijiyoyi a miƙe a hannu da ƙafa, damatsa kamar na mai dakon kaya, ga ciki a gaba ƙato. Wuyanta da hammatarta baƙi ƙirin, Hajiya ta yi ta dirza da soso da sabulun salo har yarinyar ta yi kuka, baƙin bai fita ba. Yaran lungu suna kiranta ƙashi da rai. Manya kuma ba sa faɗa da ƙarfi, amma na san abin da suke raɗawa, don lokacin duk wanda ya rame to ƙanjamau ce. Na kai ta aka gwada, ba komai. Na kai ta aka nemi tsutsar ciki, ba komai. Ci kuwa, ban taɓa ganin ɗan Adam mai ci irin nata ba. Ta share kwanonta, ta share nawa, ta zauna tana kallon tukunya.

Hajiya ta ɗauki abin a matsayin cin fuska. Jikarta, a gidanta, a rame? Ta fara da kunun hulba da madara. Ta koma man shanu, cokali biyu a kan kowane tuwo. Ta koma kakiɗe. Duk gutsuren alkakin da ya karye a kasko na yarinyar ne. Ni ma ban hana ba, gaskiya ɗaya ce. Ni da ke tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane yadda jiki yake, da hannuna na sha zuba mata man shanu ina cewa ci, Allah ya sa ya kama jikinki.

Babbar Sallar farko bayan sojoji sun koma bariki abin ya fashe. Shekarar kowa ya sami bakin magana. Kansilan da muka zaɓa, wanda da iska ke neman ɗauke shi, wata shida kacal wuyansa ya ninku, har Hajiya tana cewa da za a san abin da ake ba su a sakatariya da ta sayo wa jikarta. Rago biyu muka yanka. Washegari, ranar suya, aka narka kitsen ragon aka soya naman a ciki kamar yadda aka saba, Hajiya ta cika ƙoƙo ta miƙa wa yarinyar, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Kafin la'asar tana birgima a tsakar gida, ta dafe cikinta, tana amai, tana kiran uwarta da ta mutu.

Kwana tara muka yi a asibiti. A kwana na uku likitan ya kira ni ofishinsa. Dattijo ne mai furfura, an ce ya daɗe a ƙasar waje, sai da mulkin soja ya ƙare ya tattaro ya dawo. Ya ɗauko 'yar kwalbar da aka ɗebi jininta ya ɗaga ta saitin taga. Ƙasan ja ne, amma saman fari ne fat, mai kauri, kamar nonon da ya kwana.

Ya ce, "Malama, kin san mene ne wannan?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Mai ne. Duk man da kuke ba ta, ga inda yake zuwa. Shi ya kumbura mata abin da ke ƙarƙashin tumbi, ya kusa kashe ta. Shi ne kuma ya cika mata hanta, shi ya sa kike ganin cikin nan."

Da ya ji aikina sai ya jawo takarda ya yi zane. Ya ce a jikin mutum, da na rago, da na saniya, da duk dabbar da ke shayar da ɗanta, akwai ƙwayoyin halitta da aikinsu ajiyar kitse. A cikin kowace ƙwaya akwai ɗigon mai, kuma ɗigon ba a sake yake ba. Akwai wasu furotin da ke haɗa shi tun yana ɗan mitsitsi, akwai waɗanda ke lulluɓe shi suna gadinsa, su ne ke cewa yanzu a ajiye, yanzu a fitar wa jiki ya yi amfani. In ɗaya daga cikinsu ya zo da tangarɗa tun daga haihuwa, ajiyar ba ta yiwuwa. Ya ce, "Gida ne da ba randa. Duk ruwan da kika ɗebo, a tsakar ɗaki zai malale." Yunwar ma daga nan take, don kitsen da ke jiki shi ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi, ita kuwa ba mai aika mata.

Na tambaye shi wanne ne ya lalace a nata jikin. Ya ce bai sani ba, ba mu da na'urar ganowa, can ma inda ya baro yanzu ake ta tono su ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi magani. Ya ce babu wanda zai sa mata kitse. Abin da ke hannunmu shi ne mu tsare bakinta: ba man gyaɗa, ba man ja, ba man shanu, ba soye, zaƙi kaɗan, abinci da awo. In aka sake irin na ranar suya, bai yi mini alkawarin za ta tashi ba.

Na fito ina jin kunyar kaina. Shekara goma sha ina zana wa ɗalibai ƙwayar kitse a allo, in yi da'ira in bar cikinta fayau, in ce musu wannan rumbu ne kawai, ba abin da yake yi. Ashe rumbun da masu gadinsa, kuma rashinsu ne ke neman raba ni da 'yar ƙanwata.

Da muka koma gida na ware mata tukunya. Tuwon dawa da miyar kuka ba mai, dafaffen wake, zogale ba ƙuli-ƙuli, kifi gasasshe, kaza in an samu a sale fatar. Abin da ta ci shi nake ci, don ba zan iya taunar nama tana kallona ba. Na sayo kwaɗo na sa wa ɗakin da ake ajiye alkaki.

Hajiya ta tsaya ta dubi kwaɗon ta dube ni. Ta ce, "Ke, a gidan nawa?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ne ya ce."

Ta ce, "Likita ya haife ki? Mu da muka raini 'ya'ya goma da man shanu, yau boko zai koya mana? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yarinya kamar tsinke, a ce maganinta a ƙara hana ta? Wannan wane irin hankali ne?"

Na ce ko wane iri ne, shi za a bi. Tun da na zo duniya ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta ɗauke kai ta shige ɗaki. Daga nan in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Amma na lura ba ta sake miƙa wa yarinyar komai ba, kuma ba ta ce a cire kwaɗon ba.

Tsugune ba ta ƙare ba, don na manta da maƙwabta. Kowa ya san ladan ciyar da maraya, ga kuma marainiya a lungu, a rame, tana bin mai ƙosai da ido. Ai sai aka mayar da ita hanyar shiga Aljanna. Wannan ta kira ta ta ba ta fanke, waccan ta dunƙula mata tsire a takarda, wani tsoho ya saya mata awara a kan hanyar islamiyya. Ita kuma ba ta iya cewa a'a, yunwarta ta fi ƙarfinta. Ranar da na ga maiƙo a gaban hijabinta na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na sa mayafi na bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya. Na yi sallama, na gaisa, na ce don Allah don Annabi kada wanda ya ƙara ba yarinyar nan abin da aka soya. Wasu na yi musu bayanin likita, suka yi ta gyaɗa kai suna kallon juna. Wata tsohuwa ta ce, "Malama, lada za ki hana mu?" Ni kuma bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ki nemi ladanki a wani wuri, ba a kan gawar 'yata ba." Kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa bazawarar gidan masu alkaki, wadda ba ta san zafin haihuwa ba, ta kulle abinci tana horar da marainiya da yunwa, har tana bin gida gida kada a taimaka mata. In na wuce sai hira ta tsaya. A gidan suna aka bar mini tabarma ni kaɗai. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin buɗe kwaɗon ba.

Labarin ya kai ga dangin ubanta. Wata Asabar bayan la'asar sai ga gwaggonta, yayar ubanta, da baffanta, da wata dattijuwa da suka ɗauko don ta yi shaida. Gwaggon tana riƙe da langa a ɗaure cikin ɗankwali. Baffan ya tsaya a zaure sai da Hajiya ta ce ya shigo, aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗakinta. Bayan gaisuwa gwaggon ta ce sun zo ne su tafi da 'yarsu, tun da riƙon ya gagara.

Na ɗauko takardar likita na miƙa wa baffan. Ya juya ta gaba da baya ya ajiye. Gwaggon ta ce, "Takarda ba ta cika ciki. A kira mana yarinyar."

Aka kira ta. Ta zo ta durƙusa ta gaishe su. Gwaggon ta kama hannunta ta ɗaga sama kamar mai tallan kara, ta ce wa dattijuwar, "Dubi nan, don girman Allah. Wannan 'yar mutum ce?" Sannan ta kwance langar ta buɗe. Shinkafa ce ta sha man shanu, da soyayyen nama a kai. Ƙamshin ya cika tsakar gida. Na ga maƙogwaron yarinyar ya motsa.

Gwaggon ta ce, "'Yata, kada ki ji tsoron kowa. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, kina ƙoshi a gidan nan?"

Na san amsar tun kafin ta buɗe baki, don ni na koya mata kada ta yi ƙarya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, Gwaggo. Kullum da yunwa nake tashi."

"Wa ke hana ki?"

"Anti."

Dattijuwar ta yi salati. Baffan ya girgiza kai. Gwaggon ta tura langar gaban yarinyar ta ce ci, yau ba mai hana ki. Yarinyar ta miƙa hannu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sa ƙafa na janye langar, na mayar da murfin na danne. Na ce, "Gaskiya ta faɗa. Ni ke hana ta. Na hana ta jiya, na hana ta yau, gobe ma in Allah ya kai mu zan hana ta. Ku kira ni azzaluma, ku kira ni juya, ku kai ni gaban mai unguwa, ku kai ni gaban alƙali. Amma muddin ina numfashi, wannan shinkafar ba za ta shiga cikinta ba, kuma ba za ta bi ku gidan da za a kashe ta da ƙauna ba."

Baffan ya ce, "Malama, ki iya bakinki. Mu ne dangin uba."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Ranar da take aman jini ma ku ne dangin uba."

Ba aman jini ta yi ba, na ƙara gishiri, Allah ya yafe mini. Amma maganar ta zauna.

Gwaggon ta juya wajen Hajiya. Ta san mun kusa wata biyu ba ma magana, duk unguwa ta sani, kuma a kan haka ta dogara. Ta ce, "Hajiya, ke ce babba. Mun san ba da son ranki ake wannan ba. Ki sa baki mu tafi da ita."

Na san in Hajiya ta ce a tafi da ita, ihuna ba zai hana komai ba. Hajiya ta ci gaba da jan carbinta. Ko kallona ba ta yi ba.

Can ta ce, "Ni har yanzu maganar likitan nan ba ta shige ni ba. Ban taɓa jin inda mai ya zama guba ba. Wannan kuma," ta nuna ni da haɓa, "ba ta da kunya, ta sa mini kwaɗo a gidana, kuma ban yafe ba tukuna." Gwaggon ta fara murmushi. Hajiya ta ci gaba. "Amma naman Sallar nan ni na ba ta da hannuna, ƙoƙo uku. Ni na ga abin da ya biyo baya. Kwana tara ina zaune a barandar asibiti ina roƙon Allah kada ya sa ni ce ajalin jikata. Ban ga ɗayanku a wurin ba. Tun da aka fara wannan horon kuwa, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ban gane ba, amma ina da ido. Riƙon 'ya in uwa ta mutu na kakar wajen uwa ne, ku tambayi duk malamin da kuka ga dama. Ni ce kakar. Ba inda za ta."

Suka yi ta magana, ta ɗauke musu kai, ɗauke kai irin nata, wanda na fi kowa sanin nauyinsa. Da suka gaji suka tashi. Gwaggon ta ce Allah zai saka wa marainiya, na ce amin da ƙarfi. Suka fita suka bar langar a kan tabarma, da gangan.

Yarinyar tana durƙushe inda take, idonta a kan murfin. Na sunkuci langar na fita ba takalmi, na cim musu a bakin lungu, mutane suna kallo, na dangwarar da ita a gaban gwaggon na ce kun yi mantuwa. Na juyo ban jira amsa ba.

Da na dawo Hajiya ta shige ɗakinta. Yarinyar tana tsaye a tsakar gida, hawaye na bin wannan lotsattsen kuncin. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

Ta ce, "Anti, da kin bari sun tafi da ni. Ko sau ɗaya in ƙoshi. Wallahi na tsane ki."

Maganar ta soke ni fiye da duk abin da unguwa ta faɗa. Na so in rungume ta, na so in ce ta yafe mini, na so in bi gwaggon in karɓo langar. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce, "Tsane ni. Ki yi ta tsanata har ki tsufa. Tsufan nake so."

Ta ruga ɗaki ta turo ƙofa. Na zauna a bakin murhu na ɗora mata wake.

Ba ta taɓa ƙoshi ba, har yau. Ciwon sukari ya same ta tun tana budurwa kamar yadda likitan ya ce zai iya faruwa, kullum da allurarta a jaka. Akwai tsofaffi a lungun da har gobe in sun gan ta sai su ce Allah sarki, ga wadda aka hana abinci. Kwanan baya ta zo gaishe ni, ta zauna a tsakar gida tana tsefe kai, sai na hango furfura biyu a gefen kunnenta. Ban gaya mata ba. Na ce bari in duba tukunya, na shiga kicin na yi kukana.